Ka Bar Kamfani, Ka Tafi Da Lambarka

Kwanakin baya na nemi wani mai gyaran wutar lantarki domin ya duba mini wani aiki. Na yi ta buga masa waya kiran ba ya shiga, da ya shiga kuma sai muryarsa ta riƙa yankewa har muka kasa fahimtar juna. Da ya iso ya ba ni haƙuri, ya ce layinsa ne ba ya kamawa sosai a inda ya koma da zama, kuma ya daɗe yana fama da haka. Na ce masa, "To Malam, me ya hana ka komawa wani kamfanin?" Sai ya nuna mini akwatin kayan aikinsa, inda ya rubuta lambar da jan fenti, fentin har ya fara ɓarewa saboda daɗewa. Ya ce, "Yallaɓai, duk wanda na taɓa yi wa aiki da wannan lambar ya san ni. In na rabu da ita, na rabu da masu ba ni aiki."

Abin da ya ɓata mini rai shi ne, bawan Allahn nan bai san cewa doka ta ba shi damar barin kamfanin ya tafi da lambarsa yadda take ba. Babu wanda ya taɓa gaya masa. Kamfanin da yake tura masa saƙonnin talla safe da yamma bai taɓa tura masa saƙo ko guda a kan wannan haƙƙi ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda rashin saninsa riba ce ga kamfanin.

Ra'ayina a kan wannan lamari shi ne: duk mai layin waya yana da haƙƙin ya koma kamfanin da ya ga dama da lambarsa, cikin sauƙi da sauri, kuma bai kamata kamfanin da ake barin ya zama shi ne alƙalin da zai yanke ko mutum zai tafi ko ba zai tafi ba. Rubuta wannan haƙƙi a cikin doka bai wadatar ba. Idan jama'a ba su san da shi ba, ko kuma an cika hanyarsa da wahalhalu har mutum ya gaji ya haƙura, to da shi da babu duk ɗaya.

Lambar ta wa ce?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa lambar waya mallakar kamfani ce, tunda a hannunsa suka karɓe ta. Gaskiyar magana, lambobin waya dukiyar ƙasa ce. Kowace ƙasa tana da tsarin lambobinta a ƙarƙashin ƙa'idar duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta shimfiɗa, kuma hukumar sadarwa ta ƙasar ce ke yanka wa kowane kamfani rukunin lambobi ya raba wa masu sayen layinsa. Kamfani amana aka ba shi, bai ƙirƙiri lambar ba.

Sannan a tambayi kai, ranar da aka ciro katin sim daga cikin ledarsa, mene ne darajar lambar da ke jikinsa? Ba ta da wata daraja, jerin alƙaluma ne kawai. Mai layin ne ya yi shekaru yana ba ta daraja: ya ba 'yan uwa da abokai, ya rubuta ta a takardar neman aiki, ya ba makarantar 'ya'yansa, ya ba asibiti, ya ɗaura asusun bankinsa a kanta, ya buɗe WhatsApp da ita. Yau idan banki zai tabbatar cewa kai ne kake son fitar da kuɗinka, ta wannan lambar zai turo maka lambar sirri. Duk wannan gini mai layin ne ya yi shi da hannunsa. Ba adalci ba ne a juya wahalar da mutum ya sha wajen yaɗa lambarsa ta koma abin da za a riƙe shi da shi a kamfanin da ba ya biya masa buƙata.

Ƙasashe sun daɗe da fahimtar haka. Singafo ce ta fara ba da damar sauya kamfani da lamba a 1997, Birtaniya da Holan da Hong Kong suka biyo baya a 1999, Amurka a ƙarshen 2003, Japan da Afirka ta Kudu a 2006. Indiya da Kenya da Ghana sun fara a 2011, Najeriya a watan Afrilun 2013, ita kuwa ƙasar Sin ba ta buɗe tsarin a faɗin ƙasar ba sai a ƙarshen 2019.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, hukumomi ne suka riƙa tilasta wa kamfanoni. A Amurka tun 1999 aka so a fara, aka yi ta ɗage ranar saboda koke-koken kamfanoni, har ƙungiyarsu ta kai hukumar sadarwa ta FCC kotu, kotu ta ƙi goyon bayansu a 2003. Wanda ya kashe kuɗi da lokaci haka domin ya hana mutane tafiya da lambobinsu, ya san sarai irin amfanin da yake samu daga riƙe su.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. A da, alƙaluman farko na lamba su ne ke nuna kamfanin da za a aika wa kira. Yanzu a mafi yawan ƙasashen da ke da wannan tsari akwai rumbun bayanai guda na tsakiya, wanda ke ɗauke da jerin duk lambobin da suka sauya kamfani. Idan ka buga kira, na'urorin kamfaninka za su duba bayanan da suka fito daga wannan rumbu, su ga inda lambar take a yanzu, su aika kiran can kai tsaye. Mai kira ba ya ma jin wani bambanci. Ke nan ta fuskar fasaha an daɗe da gama magana. Abin da ya rage duk na ƙa'ida ne da niyya.

Wa ke riƙe da ƙofar fita?

A nan ne nake ganin asalin rigimar take. Hanya biyu ake bi a duniya. A ta farko, mai layi zai je wurin sabon kamfanin da yake so, ya nuna shaidarsa, sabon kamfanin ya ɗauki nauyin karɓo lambar daga tsohon. A ta biyu, sai mai layi ya fara zuwa wurin kamfanin da zai bari ya nemi wata lambar izini, sannan ya kai wa sabon.

Hanya ta biyu tamkar a ce wa ɗan haya ne ba zai kwashe kayansa ba sai mai gidan da ya ƙi gyara masa rufi ya sa hannu. Kowa ya san abin da zai biyo baya. Za a bar ka a kan layi kana jira, a miƙa ka ga wani ma'aikaci wanda aikinsa kawai shi ne ya lallashe ka ka fasa, a yi maka alkawarin garaɓasar da ba a taɓa yi maka ba a duk shekarun da ka yi da su, a ce akwai kuskure a bayananka, a ce ka sake kira gobe. Ba kowa ke da lokaci da juriyar wannan ba, kuma da gangan aka tsara shi domin mai rauni ya haƙura.

Birtaniya ta daɗe a kan wannan hanya ta biyu, kuma ta ga illarta. Shi ya sa daga watan Yulin 2019 hukumar sadarwarta, Ofcom, ta canza ƙa'ida: mai layi zai tura saƙon tes mai kalmar PAC zuwa 65075, dole kamfani ya mayar masa da lambar izinin nan take ba tare da ya yi magana da kowa ba, lambar tana aiki har kwana 30, kuma idan ya miƙa ta ga sabon kamfani za a kammala sauyin cikin ranar aiki ɗaya. Tarayyar Turai ma tun a dokarta ta 2009 ta sa wa'adin ranar aiki ɗaya. A Indiya kalmar PORT ake turawa tare da lambar mutum zuwa 1900, a Najeriya kuwa mutum yana zuwa ofishin sabon kamfani da shaidarsa, ya tura PORT zuwa 3232 daga tsohon layinsa domin ya tabbatar shi ne ya nema.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai guda ne. Duk lokacin da aka cire hannun tsohon kamfani daga shawarar, aka kuma sa wa'adi gajere, sai haƙƙin ya zama na gaske. Dalilan da kamfani zai iya ƙin sakin lamba su zama 'yan kaɗan, a rubuce a cikin doka, kamar idan sunan mai neman bai dace da na mai layin ba ko kuma an kai rahoton an sace layin. Duk wani dalili bayan waɗannan, uzuri ne.

"Ai wayata mai layi biyu ce"

Wannan ita ce amsar da na fi ji idan na ta da maganar. Mutum zai ce, me zai sa in wahalar da kaina da sauya kamfani, alhali zan iya sayen sabon layi in saka a ɗaya ramin? Akwai gaskiya a ciki. Waya mai layi biyu ta taimaki miliyoyin mutane, musamman a wuraren da babu kamfani guda da sabis ɗinsa ya game ko'ina, kuma tana daga cikin manyan dalilan da suka sa sauya kamfani da lamba bai karɓu sosai ba a ƙasashe da dama na Afirka.

Amma a duba abin da ke faruwa a zahiri. Sabon layin na data ne da kiran fita. Tsohon, wanda ba ya kamawa, shi ne har yanzu mutane suka sani, shi ne za a kira idan an sami aiki, shi ne banki zai turo wa saƙo, shi ne makaranta za ta nema idan yaro ba shi da lafiya. Matsalar mutum ta asali, wato kiran da ake yi masa ba ya shigowa, tana nan ba ta gusa ba. Ƙari a kan haka, dole ya ci gaba da saka wa tsohon layin kati lokaci zuwa lokaci, domin idan ya bar shi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani zai rufe shi ya sayar wa wani da lambar. Ke nan yana biyan kamfani biyu domin ya sami hidimar da ya kamata guda ya ba shi, kuma kamfanin da ya gaza bai rasa shi ba, yana nan yana ƙirga shi cikin masu layinsa.

Waya mai layi biyu dabara ce ta wanda ya rasa mafita. Ba na zargin mai yin ta, amma ban yarda a mayar da ita hujjar cewa ba a buƙatar mafitar ba.

"Mutane kaɗan ne ke sauyawa"

Wasu kuma, har da masana, suna cewa an kashe maƙudan kuɗi wajen kafa tsarin, ga shi masu amfani da shi ba su taka kara sun karya ba, don haka asara ce.

Da farko dai sai an tambayi dalilin ƙarancin. Idan mutane ba su san da tsarin ba, ko sun gwada an yi ta mayar da su, ko sun ji labarin wanda layinsa ya yi kwanaki a mace a tsakanin kamfani biyu, ƙarancin ba ya nuna ba a so, yana nuna an toshe hanya ne.

Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci a wurina, ba da yawan masu tafiya kaɗai ake auna amfanin wannan haƙƙi ba. Kamfanin da ya san cewa kowane mai layi zai iya barinsa gobe da safe da lambarsa, ba zai yi wasa da ƙorafi ba kamar kamfanin da ya san mutane a ɗaure suke. Wanda bai taɓa sauya kamfani ba ma yana cin moriyar tsarin, domin tsoron tafiyarsa ne ke sa a gyara masa sabis, a rage masa farashi, a amsa kiransa idan ya kai kuka.

Na uku, sabon kamfani ba zai iya shiga kasuwar da kusan kowa ya riga ya mallaki layi ba, sai idan mutane za su iya zuwa masa da lambobinsu. Abin da ya faru a Faransa ya isa misali. A watan Janairun 2012 kamfanin Free Mobile ya shigo da farashi mai rahusa ƙwarai, jama'a suka yi ta komawa da lambobinsu, tsofaffin kamfanonin uku kuma ba su da zaɓi illa su sauke nasu farashin. Da a ce kowane Bafaranshe sai ya zaɓa tsakanin rahusa da lambarsa, da yawansu lambar za su zaɓa, da kuma farashi bai sauka haka ba.

Masu cewa "ai duk kamfanonin ɗaya ne, ina amfanin barin wannan zuwa wancan" su ma ga amsarsu a nan. Sabis ba ɗaya ba ne a kowane wuri, tunda ya danganta da inda kowane kamfani ya kafa turakunsa, kuma mutum yakan sauya gida ko wurin aiki. Idan kuma da gaske sun zama ɗaya wajen sakaci, rashin tsoron rasa masu layi yana cikin abin da ya mayar da su haka.

Barazanar 'yan damfara

Wannan ce hujjar da na fi ɗauka da muhimmanci, domin ba ƙirƙirarta aka yi ba. Tunda lambar waya ta zama mabuɗin asusun banki da imel da shafukan sada zumunta, ɓarayi sun gane cewa idan suka mallaki lambarka sun mallaki kusan komai naka. Sukan tattara bayanan mutum, sunansa da ranar haihuwarsa da makamantansu, su je su yi shigar burtu a matsayin shi, su nemi a mayar da lambar kan wani katin sim da ke hannunsu, ko dai a cikin kamfanin ko kuma a wani kamfanin daban. Wani lokaci ma da haɗin bakin wani ma'aikaci ake yi. Mai layi yana zaune sai ya ga sandunan sabis sun ɓace daga fuskar wayarsa, ya kashe ya kunna, ya ciro sim ya goge ya mayar, yana zaton matsalar netwok ce. Kafin ya farga, saƙonnin banki suna sauka a wata wayar, an kwashe abin da ke asusunsa.

Duk wanda ya ga mutumin da wannan ta faɗa wa ba zai raina maganar ba. Saboda haka idan kamfani ya ce yana jan ƙafa ne domin ya kare ka, maganar tana shiga kunne.

Sai dai a bambance abu biyu: tabbatar da cewa mai layin ne ya nema, da jinkirta shi bayan an tabbatar. Na farko kariya ce. Na biyu ba ya kare kowa. Ɓarawon da ya riga ya yaudari ma'aikaci da bayanan sata, jiran kwana biyar ba zai hana shi ba idan ba a sanar da mai layin na gaskiya ba. Amma saƙo guda da zai sauka a wayar mai layin nan take, yana cewa an nemi a fitar da lambarka, idan kai ne ka amsa, idan ba kai ba ne ka dakatar, zai iya tsayar da satar cikin daƙiƙa kaɗan, kuma bai ƙara wa mai gaskiya ko awa ɗaya na jira ba.

Hukumomin da suka zauna suka yi nazari a kan matsalar wannan hanyar suka bi. A watan Nuwamban 2023 hukumar FCC ta Amurka ta amince da ƙa'idojin da suka wajabta wa kamfanoni su tantance mai nema ta hanya mai tsaro kafin su sauya sim ko su saki lamba, su sanar da mai layi nan take idan an shigar da irin wannan buƙata, su kuma ba shi damar kulle lambarsa da kansa ta yadda ba za ta motsa ba sai ya buɗe. A Indiya, daga watan Yulin 2024, layin da aka sauya wa katin sim ba zai iya komawa wani kamfani ba sai bayan kwana 7, domin an lura cewa ɓarayi sukan fara karɓar sabon sim ne sannan su gudu da lambar zuwa wani kamfanin, inda dawo da ita zai yi wuya. Wannan jinkiri ne mai dalili, an ɗora shi daidai inda haɗarin yake, bai shafi sauran jama'a ba.

Abin da nake so a lura da shi a waɗannan matakai shi ne, makullin a hannun mai layi aka sa shi. Shi ne zai kulle, shi ne zai buɗe, shi ne za a tambaya. Kamfanin da ya damu da tsaron mutane da gaske, wannan zai yi, kuma zai tsaurara a kan ma'aikatansa da wakilansa masu sauya wa mutane sim ba tare da cikakkiyar shaida ba, domin satar lamba ta hanyar sauya sim a cikin kamfani guda ba ta buƙatar tsarin sauya kamfani ko kaɗan. Ko da an soke tsarin gaba ɗaya yau, wannan ƙofar tana nan a buɗe.

Akwai kuma nauyi a kan bankuna. Muddin saƙon tes ne kaɗai ke tsakanin ɓarawo da kuɗin mutane, lambar waya za ta ci gaba da zama abin farauta. Wannan gyara ne da ya kamata a nema daga bankuna, ba dalili ba ne na tauye wa masu layi haƙƙinsu.

Ruɗanin farashin kira

Wani ƙorafin shi ne, tunda alƙaluman farko ba sa nuna kamfani kuma, mai kira zai iya zaton yana kiran ɗan kamfaninsu ne a farashi mai sauƙi, ashe lambar ta koma wani wuri, a caje shi da tsada. Wannan gaskiya ne a inda ake bambanta farashin kiran ɗan kamfani ɗaya da na kiran wani kamfanin. Maganinsa kuwa sananne ne: a samar da hanyar da mutum zai duba kamfanin da lamba take kyauta, ko a sa wata 'yar ƙara da za ta faɗakar da mai kira, sannan hukuma ta rage kuɗin da kamfanoni ke cajin junansu a kan isar da kiran da ya fito daga wani kamfani har bambancin ya zama ba shi da yawa. Babban bambanci tsakanin farashin biyu shi kansa hanya ce da babban kamfani ke bi ya riƙe mutane, tunda kowa yana son ya zauna inda danginsa suke.

Igiyoyin da ba a gani

Ko an gyara duk abin da na ambata, akwai wasu hanyoyin da ake bi a hana mutum tafiya ba tare da an ce masa kada ya tafi ba.

Akwai wayar da ake sayarwa a kulle, wadda ba ta karɓar sim ɗin kowa sai na kamfanin da ya sayar da ita. Mai irin wannan waya zai iya tafiya da lambarsa, amma sai ya sayi sabuwar waya. Kanada ta hana sayar da waya a kulle da cajin kuɗin buɗewa daga watan Disamban 2017, Birtaniya ta hana sayar da su daga Disamban 2021. Ban ga dalilin da zai sa sauran ƙasashe su tsaya ba.

Akwai kuɗin kati da datar da suka rage a layi, waɗanda a wurare da yawa suke ƙonewa ranar da mutum ya tafi. Kuɗin nan nasa ne, ya biya tun kafin ya yi amfani. Ko dai a mayar masa, ko aƙalla a gaya masa dalla-dalla tun kafin ya sa hannu, domin ya cinye abinsa.

Akwai asusun kuɗi na waya, kuma wannan ita ce igiya mafi ƙarfi a yau. A Kenya, inda M-Pesa ta kafu tun 2007 ta shiga rayuwar yau da kullum ta jama'a, barin kamfanin da ke da ita yana nufin fita daga hanyar da kowa ke biya da karɓar kuɗi, don haka damar tafiya da lamba da aka bayar a 2011 ba ta girgiza kasuwar ba. Wannan ya nuna cewa dole hukumar sadarwa da babban bankin ƙasa su yi aiki tare, domin asusun kuɗi na kamfanoni daban-daban su riƙa aika wa juna cikin sauƙi. In ba haka ba, an kwance mutum ta ƙafa an ɗaure shi ta hannu.

Sai wa'adin zama dole bayan sauyi. Indiya ta sa kwana 90 kafin mutum ya sake sauyawa, Najeriya ma da kwana 90 ta fara. Na fahimci dalilin, domin kada a riƙa yawo tsakanin kamfanoni ana bin garaɓasa. Amma wanda ya koma sabon kamfani ya tarar sabis ɗinsa ya fi na baya muni a gidansa, wata uku ba ƙaramin hukunci ba ne a kan kuskuren da ba shi da hanyar ganewa sai ya gwada. Ya kamata a ba shi 'yan kwanaki na farko da zai iya komawa ba tare da wani sharaɗi ba.

Batun bashi kuma, ban ce a yafe wa kowa ba. Wanda ya ci bashin kati, ko ya karɓi waya a kan zai riƙa biya wata-wata, ya biya abin da ake bin sa. Kamfani yana da hanyoyin karɓar haƙƙinsa kamar kowane mai bin bashi, kuma ya gaya wa mutum adadin nan take domin ya biya ya wuce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙe lambar mutum a matsayin jingina a kan wani ɗan canji da ba a ma sanar da shi ba sai bayan an ƙi buƙatarsa.

Daga ƙarshe dai aikin yana wuyan hukumomin sadarwa, kuma abu biyu nake nema daga gare su. Na ɗaya, su wajabta wa kowane kamfani ya riƙa sanar da masu layinsa wannan haƙƙi da yadda ake amfani da shi, ta saƙon tes, a harshen da mutum yake ji, kamar yadda yake tura musu talla ba tare da gajiya ba. Na biyu, su riƙa wallafa wa jama'a, kamfani bayan kamfani, yawan buƙatun sauyi da aka shigar, nawa aka ƙi, da wane dalili, da kuma tsawon lokacin da kowanne ya ɗauka, sannan kamfanin da ya wuce wa'adi ko ya ƙi ba bisa ƙa'ida ba ya biya mai layin diyya kai tsaye a kan kowace ranar da ya ɓata masa.